Ledar da Na Sa wa Takardar Baba

Aikina ajiye takarda ne. Shekara ashirin da 'yan kai ina zaune a wani ɗaki mai taga ɗaya a sakatariyar Birnin Kebbi, ina karɓar fayil, ina buga masa lamba, ina mayar da shi inda za a same shi in an nema. Ba aiki ne da ake yabon mutum a kansa ba. Sai ranar da takarda ta ɓace ake tunawa da kai, kuma ba da alheri ba. Aikin nan ya sa mini wani hali da iyalina suka gaji da shi: ba na iya ganin takarda a yashe in yi shiru. Takardun haihuwar 'ya'yana, sakamakon jarrabawarsu, takardar filina da har yau ban aza masa bulo ba, duk na kai shago an rufe su cikin leda da injin nan mai zafi, abin da ake ce wa laminatin. Matata takan ce da ana sa mutum a leda, da ita ma tuni na kai ta.

Baba manomin shinkafa ne a fadamar Argungu, in ruwa ya ja kuma ya ɗauki komarsa ta kamun kifi ya shiga gulbi, yadda ubansa ya yi. Ni ne ɗansa na fari, ni kaɗai ne kuma namiji, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Akawu yake ce mini, tun ina ɗaukar littafi a jakar buhu, tun kafin in san zan zama akawun. Inna kuwa kunyarta ta fi tasa nauyi. Ba ta haɗa ido da ni. In tana da magana da ni sai ta faɗa wa ƙanwata, in ƙanwata ba ta nan ta faɗa wa bango, ni kuma ina zaune ina ji.

A wani rani ne ƙanwata ta kira ni ta ce Baba ya fara tsayawa a hanyar gona. Zai yi tafiya kaɗan ya dafe ƙirji, ya yi kamar yana kallon shukar wani, sai ya ci gaba. Da aka tambaye shi ya ce tuwon dare ne ya tokare shi. Sai da na je Argungu sau biyu kafin ya yarda ya shiga mota, kuma duk hanya yana gaya mini abin da ya bari bai yi ba.

Maƙwabciyarmu a unguwar Gesse ma'aikaciyar jinya ce, Kirista, 'yar can tsakiyar ƙasa. Ita da mijinta mai sayar da kayan gini sun fi shekara goma katanga ɗaya da mu. Duk unguwa Sista muke ce mata. Tana aiki a wani ƙaramin asibiti a unguwar Nasarawa, kuma asibitin yana da na'urar awon zuciya, amma ba shi da likitan zuciya. Ita ta ce in kawo Baba.

Sai da aka sha fama kafin ya tuɓe riga a gaban mace. Ta manna masa wayoyi a ƙirji da wuyan hannu da idon sawu, shi kuma yana tambayata ko abin zai ja shi kamar lantarki. Ta ce ya yi shiru, kada ya motsa. Bai ji komai ba. Na'urar ta yi 'yar ƙara ta turo wata takarda ja-ja mai ƙananan gidaje, da baƙin layi yana hawa yana sauka a kanta kamar sawun ƙadangare a rairayi. Baba ya karɓa ya juya ta, ya ce ashe duk wahalar da zuciyarsa take yi shekara saba'in ba ta wuce wannan zanen ba.

Sista ta ce ita tana iya gane manyan abubuwa a jiki, amma karatun gaskiya sai masu shi. Ta shimfiɗa takardar a tebur, ta naɗe gefen da aka rubuta suna, ta ɗauki hoto da wayarta, ta tura wa wani likitan zuciya da suka taɓa aiki tare, wanda yanzu yake wani gari mai nisa. Haka take yi wa duk wanda aka auna. Naɗe sunan kuwa dokar likitan ce, ya ce ba ya son sunayen mutane suna yawo a waya. Shekaru da hawan jini kawai ake rubuta masa. Muka zauna a benci kusan awa biyu. Daga baya saƙon murya ya shigo da Turanci, ana jin hayaniyar asibiti a bayansa, Sista ta fassara mana: hawan jini ya daɗe yana gajiyar da zuciyar, ga magungunan da zai riƙa sha, ya rage gishiri. Sannan ya ce a adana wannan takarda da kyau, don duk awon da za a sake yi nan gaba da ita za a gwada.

Sista ta tambaye ni ko ta turo mini hoton a wayata. Na ce ba sai ta wahala ba. Na ce mata abin waya iska ne, yau yana nan gobe babu, takarda ita ce shaida. Ina tuna yadda na faɗa, har da gyara zaman hula.

Baba ya koma Argungu da takardarsa a aljihu. Bayan mako biyu na je duba shi, na tambayi inda take. Inna ta shiga ɗaki ta buɗe babbar kwallarta, wadda take ajiye zannuwan fita da turare, ta fito da ita a naɗe cikin tsohon ɗankwali. An ninka ta gida huɗu, tana ƙamshin kanumfari. Raina ya ɓaci. Na yi ta faɗa a tsakar gida, na kawo maganar gara, na kawo maganar danshin damina, na ce wannan ba laya ba ce da za a cusa cikin tsumma, takardar asibiti ce, kuma likita da bakinsa ya ce a adana. Inna ta juya ta gaya wa bango cewa kayan aurenta sun fi shekara arba'in a kwallar nan, gara ba ta taɓa sanin hanyarsu ba. Amma ta ajiye takardar a tabarma kusa da ƙafata. Baba yana kishingiɗe yana dariya, ya ce a bar wa Akawu, shi ya san darajar takarda.

Washegari da na tashi daga ofis na biya shagon da na saba, inda ake fotokwafi. Matar da ke shagon ta san ni, ta san halina. Na miƙe takardar da kaina, na goge ninkin da gefen hannu, na ce ta sa mata leda mai kauri. Ta tayar da janareto, ta jira injin ya yi zafi, ta zura ta. Ina tsaye ina kallo takardar ta shiga da jan launinta. Ta fito ta ɗaya gefen baƙa ƙirin, kamar gindin tukunya. Babu layi, babu gidaje, babu ko sunan Baba. Ledar kuwa ta kama ta tsaf, ko kumfar iska ɗaya babu.

Na yi wa matar nan tijarar da har yau ina jin kunyarta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce ita dai ba ta taɓa ganin irin wannan takarda ba, kuma ni na ce ta sa. Daga baya na fahimci abin da ya faru. Irin wannan takarda ba da tawada ake rubutu a kanta ba, zafi ne yake fito da layin. Duk inda zafi ya taɓa sai ya yi baƙi. Ni kuma na ɗauke ta gaba ɗayanta na tura ta cikin wuta. Garin gyaran gira na rasa ido.

Abin da ya kamata in yi ba wani abu ne mai wuya ba. In leƙa ta katanga in gaya wa Sista, in je Argungu in ɗauko Baba, a sake awon tun zuciyarsa tana yadda take. Tafiyar awa ɗaya ce. Amma sai in tsaya a tsakar gidan da na yi wa'azin gara, in ce ni da hannuna na ƙone ta. Na kasa. Na sa ta a ambulan, na sa ambulan a fayil, na rubuta a bayansa da babban baƙi cewa takardun lafiyar Baba ne. Da Inna ta aiko ƙanwata ta tambaya, na ce tana nan a adane. Kullum da safe ina gaisawa da Sista in za mu fita aiki, ta tambaye ni jikin Baba, in ce da sauƙi. Na gaya wa kaina ai hoton yana wayarta. Ban taɓa tambaya ba, don tambayar za ta jawo wata tambayar.

Haka aka yi shekara ɗaya da rabi. Baba yana shan magani in ya tuna, gishiri kuwa bai rage ko ƙwaya ba.

Ƙarshen damina ne, lokacin da kowa a fadama idonsa yana kan gulbi. An ce ruwa ya taso daga sama yana tafe, shinkafa kuma ta nuna ko ta kusa. A irin wannan lokaci ba a jiran ta gama bushewa, yanka ake yi a kwashe. Masu yankan ma ba sa samuwa, kowa yana jan su, kuma gonar da mai ita yake tsaye a kai ita suke fara shiga. Baba ya sha wuya ya samu mutane da za su zo masa washegari da safe. Ranar da hantsi yana zagaya gona ciwon ya kama shi, wannan karon har ya zauna a kan kunya yana gumi. Aka ɗauko shi a babur zuwa wani ƙaramin asibiti a cikin gari.

Ina ofis ƙanwata ta kira. Na kira Sista. Ta ce asibitin na Argungu ma yanzu suna da na'urar, in sa a auna shi, in ɗauki hoton da wayata in turo mata, ita kuma ta tura wa likita. Har zan kashe ta ƙara da cewa in tafi da tsohuwar takardar. Na ce to. Na biya gida na ɗauki ambulan, ban san me zan yi da shi ba, na dai kasa barinsa.

Daga Ambursa na fara ganin abin da ake ciki. Mutane a cikin shinkafa ruwa iya idon sawu, wasu iya gwiwa, ana yanka ana ɗorawa a ka ana fitowa da ita bakin titi. Ba wanda ya ɗago ya kalli mota.

Na samu Baba a kwance a gadon asibiti, ciwon ya lafa, har yana tambayar wa zai kawo masa takalmansa daga gona. Inna tana zaune a baranda da ƙanwata. Ma'aikacin wurin ya riga ya yi awon, ya miƙo mini sabuwar takarda, ja kamar waccan. Na riƙe ta da yatsa biyu.

Ban san ɗaukar hoton takarda aiki ba ne sai ranar. Na farko na ɗauka a cikin ɗaki, Sista ta ce ya yi duhu. Na fito waje na ɗora ta a kan mota, na danne kusurwoyin da tsakuwa, na ɗauka. Ta ce inuwar hannuna ta rufe rabin layin. Na uku kuma na yanke gefe ɗaya, likita ya ce gefen da na yanke shi yake nema. Kowane hoto sai na taka zuwa bakin ƙofar asibiti, inda sabis yake ɗan kamawa, in ɗaga waya sama ina kallon abin yana juyawa. Ni in tura wa Sista a Birnin Kebbi, ita ta tura wa likita a garinsa, shi ya amsa mata in ya samu sarari tsakanin marasa lafiyarsa, ita ta kira ni. Zuciyar Baba tana ta yawo a sama daga gari zuwa gari, shi kuma yana kwance taku ashirin daga inda nake yana neman takalmi. Kafin hoto na huɗu ya shiga an yi azahar, rigata ta jiƙe, cajin wayata ya kusa ƙarewa. Na gaji irin gajiyar da ba ta jiki kaɗai ba.

Da Sista ta kira, ta yi mini bayani a hankali. Likita ya ga wata alama a layin. Alamar nan iri biyu ce. Wasu tsofaffi masu hawan jini suna ɗauke da ita shekara da shekaru, ba ta nufin wani sabon abu. In haka ne, tunda ciwon ya lafa, a gyara masa magani, ya huta a gida, ya zauna a inuwa ya sa ido a yi masa aiki, a kawo shi bayan 'yan kwanaki. Amma in sabuwa ce, to jijiyar zuciya ce take toshewa, kuma a kai shi babban asibiti yau, ba gobe ba. Hanya ɗaya ce ta sani daga nesa: a turo masa hoton tsohuwar takardar ya gwada su.

Na koma bayan motata inda ba kowa, na gaya mata abin da na yi wa takardar. Ban yi kwana-kwana ba, ƙarfin yin hakan ma ba ni da shi.

Na tambaye ta hoton da ta ɗauka a wancan lokacin. Ta ce wayar da ta ɗauki hoton da ita ta faɗa ruwan wanki tun bara, komai ya tafi da ita. Ta ce bari ta tambayi likita. Na tsaya ina jira, ina kallon wata akuya tana cin kwali. Da ta sake kira ta ce likita yana da irin waɗannan hotuna ba iyaka a wayarsa, daga asibitoci daban-daban, duk ja, duk ba suna. Ko yana nan ba zai iya rantsewa cewa na Baba ne ba, kuma ba zai ɗora ran mutum a kan zato ba. Na tambaye ta ko ita ta tuna da wata alama a ta farkon. Ta ce ta auna mutane da yawa tun lokacin.

"Oga," ta ce, "da ka gaya mini ran nan, da washegari mun sake masa wani kafin la'asar."

Ba ta ƙara ko kalma ba a kai, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Hukuncin likita shi ne, tunda babu ta gwadawa, dole a ɗauka sabuwa ce. A kawo shi yanzu.

Na shiga na gaya wa Baba rabin maganar. Na ce likita ya ga alama, in tsohuwa ce ba komai, in sabuwa ce sai an tafi. Na ce gara mu tafi kawai don a tabbatar. Ya tashi zaune. Ya ce ba inda za shi, ruwa yana kan hanya, masu yanka za su zo da safe, in ba su gan shi ba gonar wani za su shiga. Baba bai yi boko ba, amma ba a yi masa wayo a lissafin magana.

"Ai kai kac ce da tsohuwa aka gwadawa," ya ce. "Aika mishi ita shi duba. Tana wurinka."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na tura ƙofar ɗakin, na buɗe jaka, na zaro ambulan, na ba shi.

Ya fito da ita. Ya duba gaba, ya duba baya, ya ɗaga ta wajen taga ko haske zai nuna wani abu. Ya shafa ledar da babban yatsa.

"Akawu, wagga ita ta?"

Na ce ita ce. Na gaya masa yadda aka yi, da injin, da zafin. Ya tambaye ni tun yaushe, na ce tun washegarin da na karɓe ta. Ina tsaye a gabansa da furfura a gemuna, ina jiran ya yi faɗa. Ina son ya yi. Ya daɗe yana kallon baƙar takardar nan, na ga yana auna abin da zai bari. Daga nan ya tura ta cikin aljihun rigarsa, ya ce in buɗe ƙofa in kira masa Inna.

Ta tsaya a bakin ƙofa, idonta a ƙasa saboda ina wurin.

"Ki haɗo min tuhwahina," ya ce mata. "Likita ya gwada takardun duka biyu, ya ce in tahi Birni."

Ban taɓa jin Baba ya yi ƙarya ba sai ranar, kuma don ni ya yi ta. Inna ta ɗan dubi aljihunsa, inda kusurwar ledar ta leƙo, ta juya ta tafi haɗa kaya.

Kwana tara muka yi a babban asibiti. Aka ɗebi jini, aka sake ɗiba, aka sake manna masa wayoyi. A rana ta biyu wani likita ya ce jinin bai nuna sabon rauni a zuciya ba, alamar nan ga dukkan alamu ta daɗe. Amma jininsa ya hau sosai, ba za su sake shi ba sai ya sauka. Baba ya roƙe su, ya roƙe ni, har ya yi fushi ya ƙi cin abinci. Na yi ta kiran mijin ƙanwata a kan masu yanka. Ya ce sun zo da safen ba su ga mai gona ba, wani ya ja su, shi ma tasa gonar yake fama da ita. Na yi tunanin in bar Baba in tafi da kaina, amma wa zai zauna da shi, kuma rabona da lauje tun ina sakandare. A rana ta huɗu aka kira aka ce ruwa ya shiga. Mijin ƙanwata ya bi da kwalekwale ya tsinto abin da ya samu a sama-sama, bai kai abin da za a kira girbi ba.

Ni na gaya wa Baba. Yana kwance da robar ƙarin ruwa a hannu. Ya ce Allah ya mayar da alheri, ya juya fuskarsa bango. Can kuma ya tambaye ni ko an samo takalman nan nasa.

Mutane sun yi ta ba ni haƙuri da abin da suka ga ya dace. Matata, wadda na gaya wa gaskiya daga baya, ta ce wa ya sani, da an bar shi ya koma gona wataƙila da can zai faɗi, ai Baba ba mai zama a inuwa ba ne. Sista ma ta ce zuwan bai zama banza ba tunda an kama hawan jinin. Na ji su, kuma wataƙila suna da gaskiya. Amma ni na san abin da likitan nan zai ce da na tura masa jar takarda a ranar, kuma na san wanda ya hana.

Baba bai sake noma da kansa ba. Shekara ta zagayo ya ce ƙafafunsa ba sa son laka, ya ba da gonar aro. Yakan zauna a ƙofar gida yana gyaran komar da ba zai shiga ruwa da ita ba. Ina zuwa duk ƙarshen mako biyu, in kawo magani, in auna masa jini da 'yar na'urar da na saya. Duk awon zuciyar da aka sake yi masa ina ɗaukar hotonsa kafin in bar ɗakin, in tura wa Sista, in tura wa matata da ƙanwata, in kai shago a yi fotokwafi uku. Takardar kanta kuwa Inna nake ajiye wa a tabarma, ta ɗauka ta kai kwalla. Bai taɓa tayar da maganar ba, ko da wasa, shi da ba ya barin abin tsokana ya wuce shi. Akawun ma ya ci gaba da kirana da shi kamar ba abin da ya faru, ni kuwa duk lokacin da ya faɗa sai na ji shi a ƙirji.

Bayan damina biyu ya rasu, da rana, bayan ya yi sallar la'asar. Ba a samu lokacin ɗaukar hoton komai ba.

Da aka share makoki na shiga yi wa Inna sallama zan koma Birnin Kebbi. Ƙanwata ba ta ɗakin. Na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda na saba, ina jiran ta gaya wa bango abin da za ta gaya masa. Sai ta jawo kwalla ta buɗe, ta ɗaga zannuwa, ta fito da tsohon ɗankwalin nan ta warware. Baƙar takardar ce a ciki. Ta ce Baba ne ya ba ta ajiya tun dawowarsu daga asibiti, ya ce in ta Allah ta kasance a mayar wa Akawu kayansa.

Ba ta ajiye a tabarma ba. Ta miƙo mini hannu da hannu, kuma ta dube ni a ido, abin da ban tuna ta taɓa yi ba.

"Ban yi boko ba," ta ce, "amma takardad da nib ba ka ja ta. Na gani tun ranan nan ga aljihunai. Shi bai ce ba, shi as sa ni ma ban ce ba."

Na karɓa. Ta mayar da zannuwanta, ta rufe kwalla, ta juya ta gaya wa bango cewa a yi tuƙi a hankali, hanya ta lalace wajen gada.

Tana nan a fayil ɗin da na rubuta wa suna da babban baƙi. Wani lokaci in ina neman wata takarda sai hannuna ya faɗa kanta, in fito da ita in duba. Har yau tana ɗan ƙamshin kanumfari. Ledar ta yi aikinta yadda na biya a yi: ba ninki, ba danshi, gara ba ta taɓa ta ba.